Ku ba ni kiɗan na'ura da zan gwada sifikun da na haɗa

Mai Gyara na Ƙofar Ƙaura: Assalamu alaikum 'yan gida. Dan Allah shawara nake nema. Wata uku kenan ina haɗa sifiku guda biyu a shago, kowace da ufa, wato babban bakin sifika mai fitar da sauti mai kauri, mai inci 12, kafintan da ke maƙwabtaka da ni ya yanka mani katako mai kauri muka bi ko'ina da gam ba mu bar ko ƙofar iska ba, jiya da daddare na kai su gida na jona da tsohuwar amfilifayata. To matsalar ita ce duk abin da ke cikin wayata waƙoƙin biki ne da aka turo mani, da na ɗan ƙara murya sai sauti ya riƙa tsatsa kamar ana suyar gyaɗa, na rasa gane laifin sifikar ne ko na waƙar. Ina son kiɗan na'ura zalla, wanda babu waƙa ciki ko kuma kaɗan ce, mai tsabta, wanda zan zauna in saurara da kunnen basira. Kuma wani abu, in na tsaya tsakiyar ɗaki bes ɗin, wato sautin nan mai kauri, ɓacewa yake, sai na matsa jikin sifika ɗaya nake jin shi. Wanda ya san hanya ya taimaka.

Dijen Layout: Wa alaikumus salam oga. Amapiano, kiɗan nan na Afirka ta Kudu, kawai za ka zuba masu. Nemi na Kabza De Small, in akwatin nan ya ɗauki log dram ɗin shi, bugun nan mai kauri na amapiano, bai yi kuka ba to ka haɗa kaya.

Injiniyan Sauti: Kafin a zo maganar kiɗa Malam, wancan ɓacewar bes da ka ce a tsakiyar ɗaki ita ta fi tsaya mani. Ina zargin ka juya wayar sifika ɗaya, ja ta tafi wurin baƙa. In haka ta faru, lokacin da fatar ufa ɗaya ke turowa waje ɗayar ciki take ja, sai iskar da wannan ta tura waccan ta shanye, kai da ke tsakiya ka tashi a tutar babu. Cire wayoyin daga jikin amfilifaya, ka samu batirin tocila mai 1.5, ka ɗan taɓa jar waya a kan batirin, baƙar a gindin shi, taɓawa ɗaya kawai kar ka riƙe. Fatar ufa ta leƙo waje. Ka yi ma ɗayar haka. In ɗaya ta fito ɗaya ta shige to ga ɓarawon nan.

Mai Gyara na Ƙofar Ƙaura: To Injiniya, da na koma gida bayan isha'i zan gwada in sha Allah. Ni na yi sodar cikin akwatin da dare da fitilar waya lokacin an ɗauke wuta, zai iya yiwuwa can na juya.

Ɗan Daura: Ni dai in ana maganar gwada sifika da kiɗan na'ura ba na wuce Oxygène na Jean-Michel Jarre, Bafaranshe ne, 1976 ya fito. A gidan shi na Faris ya ɗauke shi ba a wani babban situdiyo ba, amma har yau in ka saka sai ka ji sauti na tashi daga sifikar hagu yana ratsa ɗaki yana sauka a ta dama kamar iskar hunturu ta shigo ta taga ta fita ta ƙofa. Shi zai nuna maka ko sifikunka biyu sun yi daidai da juna. Kashi na huɗu shi kowa ya sani amma ka fara tun daga na ɗaya ka bar shi ya tafi, minti arba'in ne duka. Bayan shi ka nemi Kraftwerk, Jamusawa ne na garin Düsseldorf, Autobahn na 1974, kiɗa ɗaya ya haura minti 22 kuma tafiyar mota a babban titi suka kwaikwaya, daga tada inji har hon ɗin motocin da ke wucewa. Na taɓa saka shi daga Daura muna zuwa Katsina, kafin mu kai Mashi ya ƙare, na sake maido shi.

Dijen Layout: Haba yaya, kiɗan 1974 za ka ba mutumin da ya haɗa ufa inci 12? Ai babu bes a ciki, kamar ka sai tirela ka ɗauko buhu ɗaya ne.

Ɗan Daura: Ƙanena ba duka kaɗai ake nema a sifika ba. Duka ko akwatin mai shayi na yi. Abin da ake nema shi ne ka ji kowane sauti a mazaunin shi, siriri bai shige cikin kauri ba. Kuma wannan tsohon kiɗan da kake rainawa shi ne kakan naka, Trans-Europe Express na Kraftwerk na 1977 shi Afrika Bambaataa na Amurka ya ɗauko ya ɗora kan gangar 808, na'urar buga ganga ta kamfanin Roland, a 1982, daga nan yaran Detroit su Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson suka ɗauka suka yi tekno.

Baba Mai Garmaho: Salamu alaikum yara. Na daɗe ina karanta ku ban sa baki ba. Ni kun san faifai nake tarawa tun ana sayen shi a kanti, kuma zan faɗi gaskiyata ko ba ta yi maku daɗi ba. Wannan abin da kuke kira kiɗan na'ura ban ga rai a cikin shi ba. Na ga Shata da idona yana waƙa, masu kalangu na bayan shi, in ya juya ya kalli mutum a cikin taro kalangun ma juyawa suke, makaɗi ya matse tsarkiya a hammata kalangu ya kira sunan mutumin nan kowa ya ji. Makaɗi na kallon fuska, yana jin numfashin mawaƙi, in ya ga 'yan amshi sun gaji ya sassauta. Na'ura wa take kallo? An danna mata abu ɗaya tana ta maimaitawa har a kashe ta. In Mai Gyara na son ya san ko sifikar shi ta yi, ya sa Shata ko Ɗanƙwairo, in ya ji hannun makaɗi na sauka kan fata to ta yi.

'Yar Ƙofar Soro: Baba barka da warhaka, Allah ya ƙara girma. Ni ban isa in ja da ku kan Shata ba. Amma maimaitawar nan da kuka ce, ni ita ce ma ta jawo ni. Na tashi ina jin kiɗan ƙwarya a gidan biki, kakata na cikin masu kifa ƙwarya a ruwa, kuma abu ɗaya ne ake ta bugawa ana zagayowa har mata su manta da gajiya, ko na Barmani Choge kuka saurara haka yake, canjin ɗan kaɗan ne yake shigowa a hankali. Ranar da na fara jin tekno irin na birnin Balin na Jamus, na wasu makaɗa da ake kira Basic Channel, wallahi ƙwaryar ruwa ce ta faɗo mani a rai, dum dum ɗin nan mai taushi da ke fitowa kamar daga ƙarƙashin ƙasa. Ina aikin dare, in na dawo gida barci ya ƙi zuwa, shi nake sawa a iyafis ƙasa ƙasa.

Baba Mai Garmaho: 'Yata, ƙwarya hannun mutum ke bugunta. Bugu na ɗari ba zai zama daidai da na farko ba, shi ne daɗin.

Injiniyan Sauti: Baba ranka ya daɗe a nan kuna da gaskiya, kuma su kansu masu kiɗan sun san da haka, shi ya sa da yawa suke ɗan karkatar da bugun da gangan kar ya faɗa daidai kan layi. Amma bari in ba ku wani abu ku gwada. Tony Allen, mai gangar Fela, kafin ya rasu a Faris a 2020 ya yi aiki da Jeff Mills na Detroit, faifan ya fito 2018 sunan shi Tomorrow Comes the Harvest. Shi Jeff Mills ba danna na'urar ya yi ya koma ya zauna ba, TR-909 ɗin, ita ma na'urar buga ganga ce, da yatsu yake bugunta nan take, yana bin tsohon yana kauce mashi, tsohon ma na amsa mashi. Akwai bidiyon su a YouTube, ku sa jikanku ya buɗe maku ku kalli hannuwan. Sai kuma Mark Ernestus, ɗaya daga mutum biyun da suka yi Basic Channel ɗin da Hajiya ta ambata, ya tafi Senegal ya zauna da makaɗan sabar, gangar gargajiya ta can, suka fitar da Yermande a 2016. A ciki akwai tama, ƙaramar ganga ce da ake matsewa a hammata kamar kalangu sak. Fata ce da hannun mutum, shi kuma ya gyara zaman sautin irin na tekno, ya rage abubuwa ya bar fili. Mai Gyara wannan faifan in ka same shi mai kyau shi ne zai gaya maka gaskiyar akwatinka, don bugun na da kaifi kuma bes ɗin na da zurfi, in akwati na da sako sako nan take za ka ji yana ɓarɓar.

Direban Maraɗi: Ku yi haƙuri na shigo a makare, yanzu na sauke fasinja. Ina ta karantawa ana Faransa ana Jamus ana Amurka, to ku duba nan kusa da ku mana. Mamman Sani na Nijar fa? Mutumin nan ya samu ogan ƙirar Italiya mai suna Orla, ya zauna a gidan rediyon Yamai a 1978 ya ɗauki kaset, La Musique Électronique du Niger, shi kaɗai da ogan ɗin shi. Kaset ɗin kaɗan aka buga ya ɓace, amma kiɗan bai ɓace ba don shekara da shekaru rediyo da talabijin na Nijar na sa shi tsakanin shiri da shiri. Sai 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi, Turawa suka yi ta rububi. Waƙoƙin gargajiya na Fulani da Buzaye da sauran su ya ɗauko ya zuba a na'ura, a hankali yake tafiya kamar raƙumi da kaya. Akwai ɗaya mai suna Salamatu, ni in na baro Jibiya da yamma rana ta yi ja na nufi Ɗan Isa ita nake sawa, fasinja da ke ta hayaniyar canji sai ka ji sun yi tsit. Baba ku nemi wannan ku ji kafin ku yanke hukunci.

Ɗan Daura: Allah ya biya ka direba, na manta da shi wallahi. Akwai kuma Hama, shi ma ɗan Yamai ne kuma direba ne irinka, da fiyanon Yamaha ya fara, kiɗan shi ta memori da bulutut ya yaɗu tun kafin a san fuskar shi. Torodi na 2015, Houmeissa na 2019. Na biyun ya fi tsabtar sauti don a kwamfuta ya haɗa shi.

Direban Maraɗi: Ƙwarai kuwa. A tashar Maraɗi na fara samun shi wurin masu tura waƙa a memori, ba suna ba komai, lamba ce kawai a jikin fayil ɗin.

Dijen Layout: To ai in haka ne mu ma 'yan kiɗan na'ura ne tun tuni ba mu sani ba. Duk waƙoƙin nanaye na fim da fiyanon Yamaha aka yi su, kalangun da kuke ji a ciki ma maɓalli ne aka danna, yanzu kuma manhajar kwamfuta ta FL Studio. Yaran da ke situdiyo a garin nan kaf babu mai ganga ko ɗaya a ɗaki.

'Yar Ƙofar Soro: Haka ne, amma bambancin shi ne a wurinmu kiɗan bawan waƙa ne, rakiya kawai yake yi, ba a ba shi fili ya yi magana da kan shi. Kuma ana matse sautin a situdiyo don ya yi ƙara a waya, komai ya taso sama ɗaya, ba ƙasa ba sama, minti goma kunne ya gaji. Mamman Sani da direba ya faɗa ya bar ogan ɗin ne ya yi waƙar.

Injiniyan Sauti: Hajiya kin taɓo inda ke mani ƙaiƙayi. Kuma wannan ya dawo da mu kan suyar gyaɗar da Mai Gyara ya ce yana ji. Yawancin waƙoƙin da ke yawo a wayoyinmu an ciro su ne daga bidiyo, wani ya sa a sitatus wani ya sauke ya maida odiyo ya tura, kowane zagaye ana yanke wani abu ana zubarwa. Faifan CD yana tafiya a kan 1,411 kbps, wato ma'aunin yawan bayanin sauti a kowane sakan, MP3 mai kyau 320, wanda muka saba samu 128 ko ƙasa da haka. A sifikar waya ba za ka gane ba, amma ka haɗa tuwita mai kyau, wato ƙaramar sifikar siririn sauti, dole ta tona asiri, wurin kuge da tafi za ka ji kamar ana watsa ruwa a mai. Kuma kar wani ya ruɗe ku da cewa zai maida maku 128 ta koma 320, abin da aka zubar ya zubu, fayil ɗin ne kawai zai ƙara nauyi. In da hali ka nemi FLAC, shi ba ya zubar da komai, minti ɗaya na cin kamar MB 5 zuwa 6, MP3 mai 320 kuma MB 2.4. Ni gaskiya tsakanin 320 da FLAC sau da yawa kunnena ba ya rabewa in an rufe mani ido, don haka kar mutum ya ƙone datar shi a banza, amma tsakanin 128 da 320 ko yaro zai ji. Su Mamman Sani da Hama da Yermande duk suna shafin intanet na Bandcamp, can kana biya ka sauke irin wanda kake so kuma wani kaso na kuɗin na isa ga masu kiɗan. In za ku tura ma juna a WhatsApp ku tura a matsayin dokumen.

Mai Gyara na Ƙofar Ƙaura: Injiniya to bulutut fa? Da shi nake haɗa wayar da amfilifaya, wata 'yar na'ura na saya na maƙala.

Injiniyan Sauti: Cire ta ranar gwaji ka sa waya. Irin waɗannan ƙananan yawanci SBC kawai suke ji, wato tsarin tura sauti na gama-gari a bulutut, suna sake matse sautin da aka riga aka matse. Akwai tsarin LDAC na Sony da ke kai 990 kbps amma sai wayar da abin karɓar duk suna da shi. In wayarka ba ta da ramin iyafis ka sai ɗan DAC ɗin nan, 'yar na'urar fitar da sauti da ake soka ma wurin caji. Wani abu kuma, in da janareta ko inbata mai araha kake kunna amfilifaya za ka iya jin zuuu a ƙasan kiɗa, ba laifin sifika ba ne. Kuma in maɓallin murya na ƙarƙar in ka murɗa, ƙurar hunturu ce ta shige, kai ka fi ni sanin maganin wannan.

Baba Mai Garmaho: Ku tsaya. Jikana ya buɗe mani na mutumin Nijar ɗin nan yanzu. Ikon Allah. Na san kiɗan nan. Wallahi na san shi. Lokacin ina zuwa Jibiya cin kasuwa ran Lahadi, mai masaukina rediyon shi kullum a tashar Nijar take, wannan abin ne ke tashi kafin a shiga wani shiri, muna shan fura a zaure. Ban taɓa tambayar wa ya yi shi ba, na ɗauka abin gidan rediyo ne kawai kamar ƙarar agogo. Mai masaukin nan nawa ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙan shi. Na sa yaron ya maimaita mani sau uku.

Direban Maraɗi: Allah ya jiƙan shi da rahama Baba. Kun ga abin da nake faɗa.

'Yar Ƙofar Soro: Amin ya Allah. Baba to yanzu akwai rai ko babu?

Baba Mai Garmaho: 'Yata wannan akwai, don na ji yatsun mutum a kai, wani wurin ma yana ɗan jinkiri kafin ya danna kamar mai tunani. Amma ban sauka daga maganata ba, bai kai kalangu ba, kuma wancan na Jamus da kika ce jikana ya sa mani na minti biyu na ce ya kashe, kamar injin niƙa ne a bayan gida. Kowa da kunnen shi.

Ɗan Daura: Baba mun karɓa. Shatan ma ai a nan Daura yake kwance tun 1999, ba mu da abin da ya fi shi. Abin da ni dai nake ƙi shi ne a ce kiɗan na'ura na Bature ne mu baƙi ne a ciki. Tun 1944 wani Bamisre, Halim El-Dabh, ya ari na'urar da ke naɗe sauti a kan siririyar wayar ƙarfe a Alƙahira ya ɗauko muryoyin mata a wurin zar, wani abu ne mai kama da borinmu, ya shiga situdiyo ya juya sautin ya zama wani abu daban, shekara huɗu kafin Pierre Schaeffer ya yi nashi a Faransa wanda ake cewa shi ne farko. A Najeriya ga William Onyeabor na Inugu, shi da situdiyon shi da injin buga faifan shi, yana kiɗa da na'urar Moog tun ƙarshen shekarun 1970, sai 2013 da kamfanin Luaka Bop suka tattara waƙoƙin shi duniya ta waiwayo, ya rasu Janairun 2017. Ga Francis Bebey na Kamaru, shi ma ya yi kiɗan na'ura. Mai Gyara ka sa Onyeabor a jerinka, shi akwai waƙa a ciki amma kiɗan ne ke jan ragama, kuma bes ɗin shi mai ɗumi ne ba mai dukan ƙirji ba.

Dijen Layout: To ni dai kar a manta da nawa. Na yarda a fara da tsofaffin amma a ƙarshe sai an sa log dram, don shi ne ke sauka ƙasa inda su Jarre ba su kai ba, kuma Baba ku saurare shi da kyau, yana zamewa daga sama zuwa ƙasa kamar an saki tsarkiyar kalangu. In amapiano ya yi maku hayaniya akwai Black Coffee na Afirka ta Kudu, Subconsciously, wanda ya ci Grammy a 2022, shi a natse yake. Ita ma 808 ɗin da yaya ya ambata ai da Roland suka fitar da ita a 1980 ƙin saye aka yi wai ba ta yi kama da gangar gaske ba, wajen 12,000 kawai aka ƙera aka daina a 1983, ta koma gwanjo yara marasa kuɗi suka kwashe. Yau babu waƙar da za ka ji babu jikanta a ciki.

Admin: Jama'a muhawara ta yi daɗi. Tunatarwa ɗaya, mai gwada bes ya tuna da maƙwabta, bes ba ya jin katanga, kuma a kashe in an kira salla.

'Yar Ƙofar Soro: Admin ka yi daidai, in ƙara da maganar kunne don ina ganin masu zuwa da ƙarar kunne da ba ta tafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kar ya wuce awa 40 a sati a kan ƙarar da ta kai desibel 80, kuma duk ƙarin desibel 3 lokacin rabewa yake biyu. In ka cire iyafis ka ji kunne na shuuu to ka wuce gona da iri. Masu son abin da za su ji ƙasa ƙasa da dare su nemi Music for Airports na Brian Eno na 1978, an yi shi ne dama don a sa a hankali, ko Selected Ambient Works 85–92 na Aphex Twin, shi wannan akwai ɗan shuu na kaset a jikin shi don haka Mai Gyara kar ka ji ka ce tuwitarka ce ta lalace.

Mai Gyara na Ƙofar Ƙaura: Jama'a na dawo. Injiniya Allah ya saka da alheri, maganarka ce. Na taɓa batir, ta hagu ta leƙo waje, ta dama ta shige ciki, na kwance bayan akwatin na tarar na juya wayar a wurin soda. Na gyara na maida na cire bulutut na sa waya. Na fara da Oxygène kamar yadda Ɗan Daura ya ce, na zauna kan tabarma tsakiyar ɗaki na kashe fitila, wallahi sai da na waiga don na ɗauka wani abu ne ya wuce ta bayana. Bes ya dawo tsakiya har ya yi yawa, kwanon rufi na amsawa, kwanukan uwargida da ke cikin kabad suka fara kaɗawa ta leƙo ta ce mi ke faruwa. Na jawo sifikun daga lungu kamar taku biyu na shimfiɗa darduma a ƙasa sai ya daidaita. Daga nan na sa Mamman Sani, shi sautin shi ba mai tsabta can ba ne, ana jin tsufan kaset, amma shi na fi daɗewa a kai, har ta dawo ta zauna bakin ƙofa tana ji. Yermande datata ba ta kai ba sai gobe.

Injiniyan Sauti: Madalla. Lungu dama yana ƙara bes, bango biyu da ƙasa duk suna maido shi. Ɗakin siminti da tayil sai da darduma da labule. Da za ka samu ɗakin ƙasa mai rufin azara ka kai su can ka ji, bangon ƙasa ba ya maido sauti da kaifi kamar siminti kuma babu kwanon da zai yi kuka.

Baba Mai Garmaho: Zaurena na ƙasa ne, rufin azara, tun na mahaifina. Ɗana ka ɗauko su a Keke Napep ran Asabar bayan la'asar. Ku zo da naku na na'ura, ni kuma zan fiddo faifan Shata mu ji yadda akwatin naka zai yi da kalangu.

Direban Maraɗi: In na dawo da wuri ina nan tafe, zan zo da Hama a filashi.

Dijen Layout: Baba log dram ɗaya tak za ku bari in sa, ɗaya kawai.

Baba Mai Garmaho: Ɗaya, kuma kafin magariba. Mai Gyara ka taho da doguwar waya, soket ɗin na can cikin gida.